Man Gyaɗa a Kibod ɗin Baffa Sada

A unguwar Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Sunan kakarta ta wajen uba ta ci, saboda haka ba mai faɗin sunan a gidansu. Abbanta da ƙanensa "Uwata" suke ce mata. Ummanta kuwa "Hajiya ƙarama" take kiranta.

Yarinyar tana da kirki, ba a raba ta da son taimako. Amma tana da wani hali. In ta ga abu kamar bai yi daidai ba, ba ta tambaya, sai dai a ga ta gyara. Ita ce ta taɓa zubar wa Umma daddawa, wai ta ji tana wari, ta lalace. Ran nan haka aka sha miyar kuka salam.

A ɗakin da ke kusa da zaure ƙanen Abbanta yake zaune. Baffa Sada take ce masa. Ba ya gani. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami. Wannan bai hana shi karatu ba, har jami'a ya gama. Duk gidan ba wanda yarinyar take so kamarsa. Shi ne mai ba ta labari, shi ne kuma mai ajiye mata alewar madara.

Baffa Sada yana da kwamfuta. Yana kuma da kibod, wato allon maɓallan da ake dannawa a yi rubutu. Nasa ba irin na kowa ba ne. Babba ne, mai nauyi, maɓallansa dogaye. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan sifirin. In ya danna sai ka ji ƙwas! In kuwa rubutu ya yi daɗi, sai ka ce kaji ne suka samu dawa a kan tire.

Umma takan leƙo ta tsokane shi.

"Sada, wanga abu naka ya hana mu jin kanmu. Ko markaɗe ka buɗe ba mu sani ba?"

"Yaya, ki yi haƙuri," yakan ce yana dariya. "Ai sana'a ba ta rasa ƙara."

A satin nan kuwa ƙarar ta fi ta kullum. Baffa Sada ya daɗe yana neman aiki. Ya je wurare da yawa, ko'ina sai a ce masa ya dawo wani lokaci. Sai wani gidan rediyo ya ce ya rubuta wasan kwaikwayo na yara, ya kai ranar Litinin da safe. In ya yi kyau, za a ɗauke shi aiki. Tun daga ranar bai huta ba. Da ya karya kumallo sai rubutu.

Ranar Alhamis, Malama Deborah, malamar kimiyya, ta koyar da darasin kunne. Ta zana ƙaton kunne a allo.

"A can ciki akwai wasu 'yan gashi ƙanana," in ji ta. "Ido ba ya ganinsu, amma da su muke ji. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su a hankali. In suka mutu kuwa, ba sa sake tsirowa. Akwai mai tambaya?"

Yarinyar tana da tambaya. Har ta fara ɗaga hannu sai aka buga ƙararrawar tara. Ta tuna da mai awara a bakin ƙofa, wadda in ba ka yi sauri ba sai ka tarar da layi. Sai ta haɗiye tambayarta ta ruga.

Da yamma Umma ta aike ta niƙa. Malam Babaji mai injin niƙa dattijo ne, gari ya yi masa fari fat har gira. Injinsa yana ruri, har ƙasa tana rawa.

"Ina wuni, Malam?" in ji yarinyar.

Bai ko juyo ba.

"Malam, gari za a yi mai laushi!"

Ya kara hannu a bayan kunne, ya sunkuyo. "Mi kika ce?"

Wata mata da ke layi ta taɓa kafaɗarta. Ta sa baki kusa da kunnenta ta ce, "Ɗaga murya, ɗiyata. Injin ga ya cinye mishi kunne. Da can lahiyarshi lau."

Yarinyar ta ɗauko garinta ta kamo hanya. Tun daga bakin zaure ta jiyo Baffa Sada. Ƙwas-ƙwas-ƙwas!

Ta tsaya da roba a ka tana tunani. Baffa ba ya gani. Da kunne yake gane muryar kowa. Da kunne yake sanin babur na zuwa. Ga shi kullum yana zaune da wannan ƙara tun safe har yamma. In ya zama kamar Malam Babaji fa? Ba ido, ba kunne? Tsoro ya kama ta, tausayi ya cika mata zuciya, har hawaye ya zubo.

Da ta shiga ta faɗa wa Baffa, da magana ta ƙare a nan. Da ta tambayi Umma ko Abba, da haka. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ita so take ta gyara da kanta, a wayi gari a ce kai, Hajiya ƙarama akwai kai!

Dabara ta faɗo mata tun kafin ta sauke robar. In keken ɗinkin Umma ya fara kuka, ai mai take ɗiga masa, sai ya yi shiru. To me zai hana kibod?

Ranar Juma'a aka tashi makaranta da wuri. Abba da Baffa Sada suka tafi masallaci. Umma ta shiga maƙwabta kitso. Gida ya rage daga ita sai kaji.

Ta nemi man keken ɗinki, ta tarar Umma ta kulle shi a durowa.

"Mai ai mai ne," ta ce wa kanta.

Ta shiga kicin ta ɗauko kwalbar man gyaɗa da cokali. Ta shiga ɗakin Baffa a hankali. Ta ɗiga man tsakanin maɓallai, layi bayan layi. Ta danna ɗaya. Ƙarar ta ragu. Ta ƙara cokali guda, ta sake dannawa. Yanzu da ƙyar ake ji. Daɗi ya kama ta, sai ta ƙara wani don ya daɗe bai dawo ba. Ta goge saman da tsumma, ta mayar da kwalba inda take.

Bayan an sauko daga masallaci, Baffa Sada ya shigo da farar shaddarsa. Ya jingine sandarsa, ya zauna. Sai ya ɗaga hanci.

"Yaya, kin dawo? Ƙosai kike soyawa?"

"Wane irin ƙosai da rana tsaka?" in ji Umma daga tsakar gida.

Ya ɗora yatsunsa a kan maɓallai. Ya ji santsi. Ya danna ɗaya, ya lume, bai taso da wuri ba. Ya danna wani, shiru. Kwamfutarsa tana da murya mai faɗa masa harafin da ya fito. Wani harafin ta faɗe shi sau biyar, wani ko sau ɗaya. Ya ɗaga kibod ɗin ya karkata shi. Mai ya tsiyayo a kan shaddarsa.

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, baki har kunne, tana jiran godiya.

"Baffa, ka ji ya daina ƙara? Ni na gyara maka."

Baffa Sada ya ajiye kibod ɗin a hankali, ya dafe kai. Murmushin yarinyar ya fara gushewa.

Umma ta leƙo, ta ga shadda, ta ga tebur. Ta tafa hannu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Man gyaɗata? A cikin kwamfuta? Ke wai yaushe za ki yi hankali? Yau sai jikinki ya gaya miki!"

Abba ya fito daga ɗaki. "Dakata tukuna," ya ce. "Bari mu ji."

Baffa Sada ya juyo wajen da take. Muryarsa a sanyaye take.

"Uwata, mi na yi miki?"

Da dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta fashe da kuka. Cikin kuka ta ba da labarin 'yan gashin kunne, da Malam Babaji, da keken ɗinki.

"Tsoro na ji, Baffa. Ban son ka kurmance. Kunne kaɗai gare ka."

Umma ta sauke hannun da ta ɗaga.

"Zo nan," in ji Baffa Sada. Ta matso, ya laluba ya kama hannunta. "Ƙarar da kika kashe, da ita nike aiki. Ke in kin rubuta harafi, kina ganinshi. Ni sai na ji ƙwas, yatsana ya ji maɓallin ya faɗa, sannan in san ya shiga. Muryar kwamfuta tana taimakona, amma ba ta iya Hausa ba. In ta karanta mini shafi guda, sai ka ce mai magana da tuwo a baki. Kuma in na tsaya jiranta harafi-harafi, ban gamawa."

"Ban sani ba, Baffa."

"Na san ba ki sani ba. Kin tambaye ni?"

Ta girgiza kai. Sai ta tuna ba ya ganinta. "A'a," ta ce.

Ya yi ajiyar zuciya. "Wata rana ina tsaye bakin titi a Ƙofar Marusa. Wani bawan Allah ya zo ya cafke hannuna. Kafin in buɗe baki ya tsallakar da ni, ya ce Allah ya ba mu lada, ya wuce. Ni kuwa abokina nike jira a wancan gefen. Sai da na nemi mai maido ni."

Abba ya yi 'yar dariya, amma Baffa bai yi ba.

"Mutane suna sona, na sani. Amma da yawa ba su tambayata abin da nike so. Gani suke tunda ban gani, ban san abin da ya dace da ni ba. Wannan yana yi mini ciwo, Uwata. Ban zaci har da ke ba."

Yarinyar ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da la'asar Abba ya naɗe kibod ɗin a leda, ya ɗauke ta a babur. Suka je wajen Sagir mai gyaran kwamfuta, kusa da Babbar Kasuwa. Sagir ya cire maɓalli ɗaya, ya leƙa, ya shinshina.

"Alhaji, wanga ai ya sha mai ya fi waina. Wa ya yi wannan gyaran gangar Auzinawa?"

Abba ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai.

"Zai gyaru?" in ji Abba.

"Zai gyaru, in sha Allahu. Amma sai na kwance shi duka na wanke. Wasu 'yan kayan cikin sun tashi aiki, sai an aiko da su daga Kano. Kar ku sa rai kafin tsakiyar sati."

"Litinin fa ake jiran aikin," in ji yarinyar da ƙaramar murya.

"To, ai da kin bari sai Talata ki soya shi," in ji Sagir.

Ya ba su aron wani kibod, irin na ofis, marar ƙara. Suka kawo wa Baffa Sada. Ya gwada. Maɓallan gajeru ne, masu laushi kamar soso. Yatsunsa suka riƙa zamewa. Ya rubuta layi biyu, ya tsaya. Bai san abin da ya shiga da abin da bai shiga ba. Ga shi saura kusan rabin wasan.

Abba ya zauna a bakin gado. "Sada, mi kake so a yi?"

"Ina son mai zama kusa da ni. In na rubuta layi, ya karanta mini, mu gyara. Amma aikin wuni biyu ne cur, Yaya. Kai kuma kana da kasuwa."

"Ni zan yi," in ji yarinyar.

"Gobe fa sunan gidan Anti Lailatu," in ji Umma. "An ɗinka miki sabon kaya. Har mai lalle an kira."

Tun watan jiya yarinyar take ɗokin sunan nan. Duk 'yan'uwanta za su je. Ta dubi shaddar Baffa da aka jiƙa a bokiti.

"Na fasa zuwa," ta ce.

"Dama ko ba ki fasa ba, ni na fasa miki," in ji Abba. "Wanda ya ɓata, shi ke gyarawa. Amma na ji daɗi da ya fito daga bakinki."

Ranar Asabar da safe Umma ta ci kwalliya ta tafi. Yarinyar ta bi ta da kallo har zaure. Ta share ido, ta ɗauko kujera 'yar tsugunno, ta zauna kusa da Baffa.

Aikin ba daɗi. Baffa ya rubuta layi, ta karanta. Nan harafi ya ɓace, can biyu sun haɗe. Ya goge, ya sake. Abin da yakan gama kafin shayi ya huce, yanzu sai ya ci rabin awa. Kafin azahar maƙogwaronta ya bushe, bayanta ya ƙage.

Can sai ta ga ya rubuta magana ɗaya har sau uku: "Ina zuwa, ina zuwa, ina zuwa." Ta ce a ranta wannan kuskure ne. Ta miƙa hannu za ta goge biyu. Yatsanta yana kan maɓalli sai ta tsaya.

"Baffa, nan ka maimaita magana sau uku. In goge?"

"A'a, bar shi. Yaron cikin wasan malalaci ne. Uwarshi na kira, yana cewa ina zuwa, amma ko motsi bai yi ba. Nan ne yara za su yi dariya."

Ta janye hannunta da sauri. Saura kaɗan ta sake yin ɓarna.

"Kin ga amfanin tambaya?" in ji shi. Karon farko ke nan da ya yi murmushi tun ranar Juma'a.

Haka suka yi Asabar, haka suka yi Lahadi. Ana gab da kiran magariba suka kai ƙarshe. Akwai wani wuri mai daɗi da Baffa ya so ya ƙara, inda yaron zai haɗu da kakarsa. Lokaci bai ba shi ba, dole ya bar shi.

"Zai yi kyau haka, Baffa?"

"Ban sani ba, Uwata. Mun yi iyakar yinmu. Saura na Allah."

Wannan amsa ba ta kwantar mata da hankali ba. In aka ƙi ɗaukarsa, ta san dalili.

Ranar Litinin Abba ya kai Baffa gidan rediyo. Ita kuma ta tafi makaranta. Da Malama Deborah ta shigo aji, ko alli ba ta ɗauka ba yarinyar ta ɗaga hannu.

"Malama, ƙarar kibod tana kurmantar da mutum?"

"Wane irin kibod?"

Ta ba da labari tun daga farko. Da ta zo wajen man gyaɗa, aji ya kwashe da dariya. Wani yaro ya ce saura yaji da albasa. Malama ta buga tebur, amma ita ma tana danne dariya.

"Ku yi shiru. Tambayarta mai kyau ce, latti kawai ta yi." Ta juyo wajen yarinyar. "In Baffanki yana rubutu, kina iya yi masa magana?"

"Ina iyawa, Malama."

"Sai kin yi ihu?"

"A'a. Yadda nake magana yanzu."

"Yana ji?"

"Yana ji. Har Umma yana jiyowa daga tsakar gida."

"To a wajen injin niƙa fa?"

"Can sai an yi ihu. Ko mutum yana gabanka."

"Kin ba kanki amsa," in ji Malama. "Ga ma'auni mai sauƙi, kowa ya riƙe. In mutum yana kusa da kai, tazarar hannu guda, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta yi yawa. In aka daɗe a cikinta, tana cutar da kunne. Injin niƙa haka yake. Babban janareta haka yake. Lasifikar biki in ka tsaya a gabanta, haka take. Waƙa ma in ka toshe kunne da ita ka ƙure murya, haka ne."

"Kibod fa, Malama?" in ji wani yaro.

"Ƙarar kibod ba ta wuce ta hirar mutane ba. Ba ta kurmantar da kowa. Tana iya damun mai barci, ko mai karatu a kusa. Amma ƙarar da ke damun mutum daban, wadda ke cutar da kunne daban."

Yarinyar ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ashe kunnen Baffa lafiyarsa lau. Sai kuma takaici ya biyo baya. Amsar nan tana nan tun ranar Alhamis, awara ce ta raba ta da ita.

"Malama, to Malam Babaji fa?"

"Masu irin aikinsa akwai abin toshe kunne da ake yi dominsu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya tsare wanda ya rage."

"Zan faɗa wa Abba. Amma sai mun tambayi Malam Babaji tukuna ko yana so."

"Yauwa," in ji Malama. "Yau kin ci darasi biyu."

Kwanaki suka wuce, ba labari daga gidan rediyo. Sagir ya gama gyara, aka dawo da kibod. Baffa ya shafa shi, ya yi godiya, amma bai cika magana ba. In wayarsa ta yi ƙara, sai yarinyar ta bar abin da take yi ta kasa kunne. Abinci ma ba ta ci sosai. A kowace salla sai ta roƙi Allah kar laifinta ya hana Baffa aiki.

Ran nan da safe aka kira Baffa daga gidan rediyo, aka ce ya je. Bai dawo ba har ta taso daga makaranta. Ta zauna a dakalin ƙofar gida da kayan makaranta a jikinta. Umma ta kira ta cin abinci, ta ce ba ta jin yunwa.

Can sai ga Keke Napep ya tsaya. Baffa Sada ya sauko. Ta duba fuskarsa, ba ta gane komai ba.

"Baffa, sannu da zuwa."

"Yauwa, Uwata. Umma na ciki?"

"Tana ciki. Baffa… mi suka ce?"

"Bari in sha ruwa mana."

Ta ruga ta kawo ruwa, rabi ya zube a hanya. Umma ta fito tana goge hannu. Ya sha, ya yi hamdala, ya gyara zama. Da gangan yake ja musu rai.

"Sun ce wasan ya yi gajarta kaɗan," ya ce.

Yarinyar ta rufe fuska da hannu.

"Amma sun ce ya yi daɗi. Za a ƙara wurin da na bari. Farkon wata zan fara aiki."

Umma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Yarinyar kuwa ta durƙusa a gabansa, ta kifa kai a gwiwarsa, ta yi ta kuka. Kukan daɗi ne, da na tsoron da ta daɗe tana ɗauke da shi.

"Baffa, ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Tashi ki ji sauran." Ya dafa kanta. "Shugabar sashen ta zaunar da ni a ofis. Ba ta ce ga abin da za mu yi maka ba. Cewa ta yi, Malam Sada, mi kake bukata don ka ji daɗin aiki? Na daɗe ina yawon ofisoshi, Uwata. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya sai yau."

Ya share gefen idonsa da hannun riga.

"Mi ka ce mata?" in ji Umma a hankali.

"Na ce a ba ni tebur a lungu, inda ba zan dami kowa ba. Sauran ni na san yadda zan yi."

Yarinyar ta ɗago kai. "Baffa, ni ma daga yau zan riƙa tambayarka."

"Ba ni kaɗai ba," in ji shi. "Kowa."

Ta riƙe wannan magana, kuma ta cika alkawari.

Yara, kyakkyawar niyya abu ce mai kyau, amma ita kaɗai ba ta isa ba. In kun ji rabin magana a aji, ku tambayi sauran kafin ku yi aiki da ita. In kuma kuna son taimakon wani, ku fara tambayarsa abin da yake bukata. Shi ya fi kowa sanin kansa.